Batir mai ruwa ko rufaffe: wanne ya fi daɗewa a solar gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi, ina sana'ar ƙanƙara da zoɓo a gida. An haɗa mini sola: fanel biyu masu wat 300 kowanne, inbata mai bolt 24, da rufaffun batura biyu masu 200Ah, irin waɗanda ba a zuba musu ruwa. Da dare firiza ɗaya ce a kai, da fanka biyu, da talabijin, da ƙwan lantarki biyar. Mai shago ya ce za su yi mini shekara goma, ga shi ko biyu ba su cika ba, da ƙarfe ɗayan dare komai ya mutu. Maƙwabcina masu ruwa gare shi, yana cikin shekara ta biyar da su. Wanne ya fi ƙarko, kuma wanne zan saya yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri, domin kuɗin batura biyu ba ƙaramin abu ba ne ga mai tara jarinta da ƙanƙara.

A irin zafinmu na Kumasi, kuma ga gidan da ake jan batir kowane dare, mai ruwa irin wanda ake kira tubula ya fi rufaffen da aka saba sayarwa a kasuwa daɗewa, sau da yawa har ninki biyu, muddin akwai mai kula da shi. A gidajen da nake zagayawa aiki, in ba a jan batir sosai da dare, rufaffe na yau da kullum yakan yi shekara 2 zuwa 3, tubula mai ruwa kuma 4 zuwa 7. Amma ina roƙonki kada ki fita sayen komai tukuna. Daga lissafin kayan da kika kawo, na ga abin da ya kashe baturanki, kuma in ba a gyara shi ba, zai kashe masu ruwan ma, sai dai su ɗan fi jimawa kafin su faɗi.

Mai ruwa da rufaffe ciki ɗaya suka fito. Dalma ce da ruwan asid, fasahar da wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro tun 1859. Kowane batir mai bolt 12 ɗakuna shida gare shi, kowane ɗaki na ba da kimanin bolt 2. Idan caji ya kusa cika, wutar da ke shiga takan fara raba ruwan ciki zuwa iska biyu, haidirojin da oksijin. A mai ruwa, iskar nan ficewa take ta murafun sama, ruwa ya ragu, sai mutum ya buɗe ya ƙara. A rufaffe kuwa an tsare asid ɗin, ko dai a cikin tabarmar zaren gilashi, wato wanda ake rubuta wa AGM, ko kuma an daskarar da shi da sinadarin silika, wato jel. An yi shi ta yadda oksijin ɗin zai koma ya sake zama ruwa a ciki. Dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka. Da caji ya yi yawa ko zafi ya ƙaru, iskar takan fi ƙarfin abin da batirin ke iya mayarwa, sai ɗan bawul ɗin da ke samansa ya buɗe ya saki. Abin da ya fita ya fita ke nan, babu ƙofar da za a bi a mayar masa. Saboda haka shi ma rufaffe yana asarar ruwa, a hankali, ba tare da kowa ya gani ba, har tabarmar ciki ta bushe.

Nan ne zafin garinmu ke shigowa. Duk alƙaluman da kamfanoni ke bugawa a jikin batir, a ɗaki mai digiri 20 ko 25 na ma'aunin Salshiyas aka auna su. Sananniyar ƙa'ida ce a wannan fanni cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage rayuwar batirin dalma da rabi. A watan Fabrairu da Maris zafin Kumasi da rana yakan haura 32 a inuwa. Ɗan siton da ke ƙarƙashin kwano, marar taga, ya fi haka nesa ba kusa ba. Kuma a nan ne akasarinmu muke cusa batura, a ƙarƙashin bene, ko cikin akwatin katako don kada yara su taɓa, ko a bayan firiza inda take huro zafinta. Ki je da misalin ƙarfe uku na rana ki ɗora bayan hannunki a gefen batirin. In kin ji shi da ɗumi fiye da jikinki, to yana cin kwanakinsa da sauri. Ki kuma duba gefensa da kyau. Rufaffen da ya sha zafi yakan kumbura, bangonsa ya yi tozo, wani lokaci har biyun da aka jera su matse juna a kasa raba su sai da ƙarfe. Mai ruwa ma zafi na cutar da shi, dalmarsa na saurin ciyuwa, amma yawan ruwan da ke cikinsa na ɗauke zafin, kuma abin da ya ƙafe ana mayarwa.

Shekara goman da mai shago ya faɗa miki, mai yiwuwa a takardar batirin ya gani. Sai dai wannan lissafi na batirin da ke zaune a cike ne kullum, cikin ɗaki mai sanyi, ba a jan sa sai jefi-jefi in wuta ta ɗauke, irin na bankuna da turakun waya. Batirin sola ba da shekara ake auna shi ba, da zagaye ake aunawa: a cika shi da rana, a sha shi da dare, zagaye ɗaya ke nan. Rufaffen AGM na yau da kullum, in rabinsa kawai ake sha, yakan ba da zagaye wajen 500, wani ya ɗan fi, wani ya gaza. Tubula mai ruwa mai kyau yakan ba da 1,200 zuwa 1,500, wasu fiye da haka. Ki raba 500 da kwanakin shekara, za ki ga bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Ashe baturanki ba su ci amanarki ba, iyakar abin da ke cikinsu suka bayar.

Bari mu zauna a kan lissafin gidanki, don a nan maganar take. Batura biyu masu 200Ah a bolt 24 suna ɗauke da wat-awa 4,800 a rubuce (wat-awa ɗaya shi ne jan wat ɗaya na tsawon awa ɗaya). Batirin dalma, kowane iri, ba a so a sha fiye da rabinsa, wato 2,400. Inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda kayan gida ke amfani da ita, ita ma tana cin nata kaso, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, don haka abin da zai isa ga kayanki bai wuce 2,000 da 'yan kai ba. To fanka biyu, in irin na silin ne masu wat 70, a awa goma sun sha 1,400. Talabijin da ƙwayaye su sha wajen 500. Firiza kuwa, tunda ƙanƙara take yi, kuma na san da yamma ake loda mata sabon ruwa, ba za ta gaza 1,000 ba kafin asuba. Jimla kusan 2,900, in aka haɗa da cin inbata ya doshi 3,300. Kusan kashi 70 cikin ɗari na batirin ke nan kowane dare, tun yana sabo. Da ya fara rauni, sai ya zama ana tatse shi ƙarƙaf. Abin takaici, inbata da yawa daga kamfani an saita su ne kada su yanke sai batir mai bolt 12 ya sauka zuwa 10.5, wato 21 a naki. A wannan matsayi batir ya riga ya ƙare sarai. Masu haɗawa da yawa ba sa taɓa wannan saiti, don mai gida ya ga wuta ta kai safe ya yaba aikinsu.

Ɓangaren cikawa ya fi wannan muni. Fanel ɗinki wat 600 ne. A Kumasi rana mai ƙarfi, wadda fanel ke aiki da ita sosai, ba ta wuce kimanin awa 4 zuwa 5 a yini, ba kamar Tamale ko Wa ba. A Yuli da Agusta sama takan yini a lulluɓe, a lokacin hunturu kuma ƙura ta kwanta a kan gilashin. Bayan an cire asarar waya da zafi da kontrola (na'urar da ke daidaita cajin da ke shiga batir daga fanel), da ƙyar ki samu wat-awa 2,000 a rana mai kyau, kuma firiza na cin nata daga ciki tun da rana. Kina ɗiban 3,300, kina mayar da abin da bai kai 2,000 ba. In wutar ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, ba ta cike giɓin kullum, to baturanki sun yi watanni ba su taɓa cika ba ko sau ɗaya. Kuma batirin dalma sai an mayar masa da fiye da abin da aka ɗiba, ƙarin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, kafin a ce ya cika.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Duk lokacin da batir ke ba da wuta, wani farin gishiri, salfet, yana kwanciya a kan fallayen dalma. In aka cika batirin washegari, gishirin ya narke ya koma cikin asid. In aka bar shi rabi-rabi kwana da kwanaki, sai ya ƙanƙare. Kamar ƙanzon tuwo ne a tukunya: in an jiƙa a daren, da safe hannu ma ya fitar da shi, in ya yi mako sai kankara, wani ma ba zai fita ba. Duk inda gishirin ya ƙanƙare, wannan wuri ya daina riƙe wuta. Shi ya sa za ki ga batir ya nuna ya cika da ƙarfe goman safe, kowa na murna, amma da an ɗora masa kaya ya zube. Mun ga wannan da yawa a 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya yi tsanani har ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta 12. Mutane suka yi ta sayen inbata da rufaffun batura, cajar inbatar ƙarama, wuta ba ta zama har su cika, kafin shekara ta zagayo da yawansu sun zama kayan gwangwan.

A wannan ciwo ma mai ruwa na da magani da rufaffe ba shi da shi. Ana yi masa cajin daidaitawa: bayan ya cika, a ɗaga wutar zuwa wajen bolt 15.5 ga kowane batir mai 12, na awa biyu zuwa uku, har ɗakunan su riƙa ɓulɓulowa. Wannan na farfasa gishirin da bai gama ƙanƙarewa ba, yana kuma gauraya asid ɗin, domin a dogon batir asid mai nauyi yakan kwanta a ƙasa ya riƙa cin gindin dalma. In aka yi wa jel irin wannan caji, an kashe shi, AGM ma ba a yi masa sai kamfanin da ya ƙera shi ya yarda. Na sha tarar da kontrola an bar ta a saitin mai ruwa alhali rufaffe ne a ƙasa, tana yi masa wannan caji da kanta duk wata. Ki sa a duba taki. Haka kuma mai ruwa ana iya sanin lafiyarsa ɗaki-ɗaki da ɗan ma'aunin gilashi mai robar matsawa, haidiromita. A zuƙo ruwan, in ya nuna 1.265 zuwa 1.280, ko abin da kamfanin ya rubuta, ya cika. In ɗaki ɗaya ya bambanta da sauran da 0.030 ko fiye, lokacin daidaitawa ya yi. Rufaffe kuwa sai dai a auna bolt daga waje bayan ya huta 'yan awoyi ba caji ba kaya: 12.7 zuwa sama ya cika, 12.2 ya kai rabi.

Duk da haka ba kowa nake ba shawarar mai ruwa ba, kuma ina so ki auna wannan da gaske. Abu na farko, wa zai riƙa duba shi? A zafinmu, duk mako biyu zuwa huɗu sai an leƙa. Tubula da yawa na da 'yan sanduna masu yawo a kan murafu, suna sauka in ruwa ya ragu, don haka dubawar ba ta da wuya, mantuwa ce matsalar. In ruwa ya sauka har kan dalma ya bayyana ya sha iska, wannan sashe ya lalace, ko an cika daga baya ba zai dawo ba. Mai ruwan da aka yi watsi da shi yana iya riga rufaffe mutuwa. Sannan ruwan da ake zubawa tataccen ruwa ne wanda aka dafa aka tara tururinsa, ko wanda aka cire wa gishiri da inji. Ban da ruwan leda, ban da na famfo, ban da na rijiya ko burtsatse, komai haskensu a ido, don ma'adinan da ke cikinsu guba ne ga dalma. In kin aiki yaro Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ko gidan mai, ki ja masa kunne, domin asid da tataccen ruwa duka ana ce musu ruwan batir a bakin masu sayarwa. Asid ba ya ƙafewa, ruwa ne ke tafiya, saboda haka ba a ƙara asid. Kuma bayan caji ya cika ake ƙara ruwa, sai fa in dalma ta bayyana, sai a zuba kaɗan ya rufe ta kafin a yi cajin. In aka cika shi maƙil tun kafin caji, zai yi ambaliya ya zubar da asid ɗinsa.

Abu na biyu shi ne wuri, kuma wannan ya fi damuna a gidajenmu na zango, inda iyali guda ke cikin ɗaki da falo. Haidirojin na kama wuta da ya kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki. Mai ruwa na bukatar inda iska ke ratsawa, nesa da kurfoti da risho da tukunyar gas, kuma kada a ɗora inbata daidai samansa, don tururin asid na cin kayan cikinta. In babu inda za a ajiye shi sai ɗakin da jikokinki ke kwana, ban yarda ki sayi mai ruwa ba, ko da zai shekara goma. Mai duba shi kuma ya sa tabarau, ya cire zobe da agogon ƙarfe. In asid ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa na minti 15 sannan a nufi asibiti.

Kada kuma a yi wa rufaffu kuɗin goro. Akwai jel mai ƙirar tubula, wanda ake rubuta wa OPzV, da ke gogayya da mai ruwa wajen yawan zagaye, sai dai tsadarsa ba ta kowa ba ce. Jel na gaske ya fi AGM jure zafi da jan dare, in an saita cajinsa ƙasa kaɗan, wajen bolt 14.1 zuwa 14.4, yayin da mai ruwa ke son 14.4 zuwa 14.8. Matsalar ita ce kasuwa cike take da batura masu rubutun jel a jiki alhali AGM ne a ciki. A ɗaya ɓangaren, batirin mota ma mai ruwa ne, amma fallayensa sirara ne, an yi shi don tayar da inji cikin daƙiƙu. In aka sa shi a sola, watanni kawai zai yi. Kaurin dalma da ƙirarta su ne asalin ƙarko.

Akwai kuma litiyam, nau'in da ake rubuta wa LiFePO4. Yana ba da zagaye dubbai, ana shan kashi 80 cikin ɗari nasa ba tare da illa ba, kuma zama rabi-rabi ba ya cutar da shi, abin da ya dace da damunar Kumasi ƙwarai. Kuɗinsa na farko ya fi yawa, sannan sai an tabbatar inbata da kontrola za su karɓe shi. Ga mai sana'ar da ke jan wuta kowane dare kamar ke, in jari zai iya ɗauka, ki tambayi farashinsa kafin ki yanke shawara.

In kin tsaya a kan dalma, ga abin da zan yi in gidana ne. Kafin batir, zan fara da rage kayan dare. A loda wa firiza ruwa da safe, ta yi aikinta da rana lokacin da fanel ke bayarwa, da dare a kashe ta a bar ta a rufe, ƙanƙarar da ke ciki za ta riƙe sanyi har gari ya waye. A canza fankokin zuwa masu cin wat 30 ko ƙasa. Da wannan kaɗai jan dare zai sauko zuwa wajen 1,200, wato kusan kashi 25 cikin ɗari na baturan, kuma a irin wannan ja kowane batir yakan daɗe sosai. Sai a ƙara fanel ya kai aƙalla wat 1,200, a tabbatar kontrola za ta ɗauka, in da hali a sa irin wadda ake kira MPPT, wadda ta fi tatso wuta daga fanel, mai ɗan wayar auna zafi da ake mannawa a jikin batir, don ta riƙa rage caji in ya ɗumama. A ɗaga inda inbata ke yankewa zuwa wajen bolt 23.6 ko 24. A riƙa share fanel da hunturu. Bayan an yi waɗannan, in kina da baranda ko sito mai iska, kuma akwai ɗa ko ƙane da za ki ɗora wa duba ruwa duk Juma'a ta biyu, ki sayi tubula mai ruwa guda biyu. In babu ɗayan biyun, ki nemi jel na gaske daga dilan da zai ba ki garanti a rubuce.

Ranar saye ki tafi da mai aikinki. Ku duba ranar ƙira a jikin batirin, wanda ya wuce wata shida a shago ba a caja shi ba ya riga ya fara tara gishiri. Ku auna bolt a gaban mai shago. Ku ɗora shi a sikeli in akwai: batir mai 200Ah na gaske yakan kai kilo 55 zuwa 65, in kin ga mai 40 da irin wannan rubutu, dalmar ce aka rage. Ki sayi biyun tare, iri ɗaya, ƙira ɗaya, kada a haɗa sabo da tsoho, domin tsohon zai ja sabon ƙasa.

Tsofaffin kuma kada su kwana a tsakar gida, kada kuma ki bari yara masu sayen gwangwan su fasa su a ƙofar gidanki su zubar da abin ciki a kwata. Ƙurar dalma na taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, illar kuma ba ta gyaruwa. Dalma ce, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara ta Najeriya a 2010. Dilolin batir da yawa na karɓar tsoho su rage miki kuɗin sabo, don haka ki kai su a rufe yadda suke, ki sa a cire kuɗinsu daga cinikin.